Naman da Baba ya ci ranar Lahadi

Tukunyar nan ta yi kusan wata huɗu a saman kwabata ban ko taɓa ta ba. Yayata da ke aure a cikin Kano ce ta kawo min ita lokacin da ta zo suna, ta ce a wajen 'yan gwanjo ta gani, kayan Ingila ne, sai ta tuna ni saboda ta san ni da son gwaje-gwajen girki. Na karɓa nai godiya na ɗora ta kusa da kwanukan jere, don a lokacin ban ga abin da zan yi da tukunyar lantarki a garin da sai a yi kwana uku ba a ga ƙyallin wuta ba, in ma an kawo to da tsakar dare ne, kafin kiran assalatu an ɗauke.

Ga waɗanda ba su san ta ba, tukunya biyu ce a haɗe. Ta cikin tangaran ce mai nauyi, kamar tukunyar ƙasa da aka goge tai santsi, ta wajen kuma ƙarfe ce, a jikinta wayar da ke kawo zafi take. Murfinta gilas ne. Makunnin waje uku kawai yake juyawa, ƙaramar wuta, babbar wuta, sai na ɗumame. Ba ta tafasa abu fafal-fafal irin na murhu, zafinta yana tsayawa ne ƙasa kaɗan da tafasar ruwa, sai dai ki ga 'yan ƙwayoyin kumfa suna tasowa ta gefe ɗaya bayan ɗaya, haka za tai ta yi awa takwas. Mu a gidan nan "mai sannu" muke ce mata, Inna ce ta raɗa mata sunan kuma ya bi ta.

Abin da ya sa na sauko da ita, Baba ne, mahaifin maigida. Haƙoransa na tauna duk sun zube, na gaban ma saura kaɗan. Tun da na zo gidan nan na lura duk ranar da aka yi miya da nama, kwanonsa sai ya dawo daga zaure da naman a gefe bai taɓa ba, ko kuma ya kira jikoki ya raba musu ya ce shi ya ƙoshi. Yaran har sun saba, da an kai kwanon Baba za ki ga sun je sun raɓe a bakin zaure suna jira. Kowa ya ɗauka kyauta ce irin ta kaka, kuma lallai akwai wannan, amma wata rana Inna tana tsince wake ta ce min, "Ke 'yar nan, mutumin nan fa da ƙuruciyarsa ba wanda ya kai shi son nama a garin nan, duk Juma'a in ya dawo daga kasuwar Wudil sai ya shigo da ƙunshin balangu a aljihun riga. Yanzu kallo kawai yake." Maganar nan ta tsaya min a rai. Na sha gwada dafa masa nasa daban, in ta tura itace, amma kun san naman shanunmu. Bunaji ne da rahaji da suka sha tafiya a ƙasa, wasu tun daga Nijar suke shigowa ta Maigatari, wanda mahautan ƙauye ke samu kuma sau da yawa tsohon san noma ne da ya gama jan garma shekara da shekaru. In kin ba shi wuta mai ƙarfi sai ya ƙanƙance ya ƙara tauri, ruwa ya ƙone ki ƙara, ya ƙone ki ƙara, a ƙarshe wajen ya farfashe cikin yana nan kamar igiya.

Wani dare na kasa barci sai na hau duba tukunyar a waya. Nan na ga ashe cikin girke-girken da aka fi saninta da su a Amurka akwai wanda suke kira fot rost, wato a samu dunƙulen naman sa guda, ba a yayyanka ba, a soya bayansa ya yi ja, a sa shi a tukunya da karas da dankalin turawa da albasa da ruwa ɗan kaɗan a bar shi yini guda. Kuma abin da ya ja hankalina shi ne ba nama mai laushi suke nema ba, da gangan suke zaɓar kafaɗa ko ƙirji, inda jijiya da tantani suka fi yawa. Dalilin kuwa duk macen da ta taɓa dafa ƙafar saniya ta san shi ko ba ta san sunansa ba. Wannan farin tantanin da jijiyar da ke ba mu wahalar tauna, in suka daɗe a cikin zafi mai sauƙi da laima narkewa suke su zama danƙo, irin danƙon da ke sa romon ƙafa ya daskare in ya kwana. In suka narke sai zaren naman ya saki juna. Lokaci abin yake so, yawan wuta ba ya gaggauta shi. Ashe naman da nake ganin shi ne matsalata, shi ne daidai da wannan tukunya.

Har tarihinta na karanta. Wani Bayahude ne a Amurka mai suna Irving Naxon ya ƙirƙiro ta, ya samu takardar mallakar fasahar a 1940, daga baya kamfanin Rival ya saya ya fito da ita kasuwa a 1971 da sunan Crock-Pot, ta kuwa samu karɓuwa wajen matan da suka fara fita aiki, su ɗora da safe su dawo da yamma su tarar ya dahu. Shi kuma daga labarin mahaifiyarsa ya samo dabarar, a garinsu can Lituweniya ranar Juma'a da yamma ake kai tukunyar wake da nama gidan mai burodi a tura cikin tanda bayan an gama gashi, ta kwana a sauran zafin, washegari a ɗauko, saboda su ba sa kunna wuta ranar Asabar. Da safe da na ba Inna labarin sai ta ce, "To ai mu ma haka muka tashi muka ga ana yi da kai da ƙafa in an yi layya. Tukunyar ƙasa, a binne gindinta cikin garwashi da toka, a kife kasko a kai, a je a kwanta." Daga ranar ta daina yi wa tukunyar kallon kayan Nasara.

Saura maganar wuta. Maigida yana da shagon cajin waya a jikin zaurenmu, da sola yake aiki, faranti huɗu a saman kwano da batir da inbata. Na kai masa tukunyar na ce Malam duba min ko abinka zai ja wannan. Ya juya gindinta ya karanta 'yar takardar da ke manne, wat 200 da 'yan kai ne, ya ce ai wannan ba komai ba ce, dutsen guga ma yana cin wat 1000 ko fiye, in dai da rana ce kuma rana ta fito sosai ba matsala. In an lissafa awa takwas ɗin ma ba ta cika yunit 2 ba. Amma ya ja min kunne a kan abu ɗaya da nake so duk mai shirin sayen ta gwanjo ta riƙe: ki duba bolt, wato ƙarfin wutar da aka ƙera ta ta ɗauka. Wutarmu ta Najeriya 230 ce, daidai da ta Ingila, ta Amurka kuwa 120 ce, in kika jona ta Amurka kai tsaye ba tare da 'yar taransifomar rage wuta ba to ƙonewa za tai. Tawa da yake ta Ingila ce har filoginta mai baki uku ya shiga soket ɗinmu daidai.

Mu a gidanmu Lahadi ce ranar taro. Na san a gidaje da yawa Juma'a ce ranar girki mai kyau, mu ma da haka ne, amma ƙannen maigida biyu yanzu suna aiki, ɗaya a Kano ɗaya a Dutse, sai Asabar suke isowa su koma Litinin da asuba, ni ma ina koyarwa a firamaren garinmu, don haka daren Lahadi ne kaɗai za ki ƙirga kai ki samu kowa yana nan. Da yara da manya mu goma sha shida ne.

Gwajin farko bai yi ba. Na cika ruwa har ya rufe naman kamar yadda muka saba, ban san cewa ita wannan tukunyar ba ta ƙone ruwa ba, tururin yana taruwa a murfi ya koma ciki, ga naman da albasar su ma suna fitar da nasu ruwan, sai romon ya zama tsululu ba ɗanɗano. Sannan ranar hazo ya sauko sosai, rana ko alamarta babu, wajen azahar inbata ta fara kuka, ga wayoyin mutane a jone, dole maigida ya ce sai an cire. Ban tsaya jira ba, na juye komai a tukunyar ƙarfe na ɗora a garwashi. Abu biyu ke nan da ya kamata a kiyaye. Ita ta tangaran ɗin ba a ɗora ta a kan wuta, kuma ba a zuba mata ruwan sanyi tana da zafi, tsagewa take. Sannan nama rabin dahuwa ba a barinsa ya zauna da ɗumi-ɗumi ana jiran a dawo da wuta, a irin wannan ɗumin ƙwayoyin cuta suka fi yaɗuwa, in wuta ta tafi ki ƙarasa shi a murhu nan take. An ci dai ranar, amma kwanon Baba ya dawo yadda ya saba dawowa.

Na bari sai da sati biyu suka wuce hazon ya yi sauƙi. Tun ranar Juma'a na sa maigida ya gaya wa mahaucin garinmu, da yake ranar yake zuwa Wudil sayo dabba, cewa in ya yi yanka ranar Lahadi ya ajiye mana kafaɗa dunƙule guda, misalin kilo 2, kada ya sa mata gatari. Maigida ya ce mutumin har sau biyu yana tambaya, a haka za a kai mata, ba a sassara ba? Don su hannunsu ya saba, kafin ki yi magana sun daddatsa har da ɓaraguzan ƙashi a ciki. Ƙarfe takwas na safe yaro ya shigo da shi a leda, da ɗuminsa, ja wur, ga zanen farin kitse da tantani sun ratsa ta cikinsa. Na raba shi biyu kawai don ya zauna a tukunyar.

Na wanke shi na tsane shi da tsumma mai tsabta har sai da ya bushe, wannan tsanewar tana da muhimmanci don jiƙaƙƙen nama ba ya yin ja a mai, sai dai ya yi ta fitar da ruwa. Na daka masoro da citta da kanumfari 'yan ƙwaya huɗu da kimba ɗaya, na haɗa da gishiri na mulke shi ciki da bai. Sai na hura murhu na ɗora tukunyar ƙarfe da man gyaɗa ludayi ɗaya, na bari sai da man ya fara hayaƙi sannan na kwantar da naman. Ƙarar da ya yi har Inna ta leƙo daga ɗaki. A nan sai an daure, hannu yana son ya juya amma ki bar shi, minti huɗu ko biyar, sai ya saki gindin tukunyar da kansa, in kin ɗaga ki ga ya yi ja mai duhu kamar bayan balangu sannan ki juya ɗaya gefen. Wasu suna tsallake suyar nan su zuba ɗanyen nama kai tsaye a mai sannu, zai dahu kam, amma ni a ganina rabin daɗin a suyar yake, don ita tukunyar lantarkin zafinta bai kai ya ba nama wannan ƙamshin gashi ba ko za ta kwana tana aiki.

Da na kwashe naman, a cikin wannan man na zuba albasa manya uku da na yanka da kauri, da tafarnuwa, suka yi laushi, na sa tumatirin gwangwani cokali biyu na soya har ya daina tsami, sai daddawa guda biyu da na daka. To a nan Turawa da yawa giya suke zubawa don ta ɗago ƙanzon da ya kama gindin tukunya, mu kuwa Allah ya tsare mu da wannan. Da na duba me giyar take yi a girkin sai na ga ɗan tsami ne take kawowa, na kuma ga wani ruwan ɗanɗano na kwalba da suke yawan sawa mai suna Worcestershire, ashe har da tsamiya a cikin kayan haɗinsa. Na ce to ga tsamiya nan a bayan gidanmu. Na jiƙa 'yar kaɗan, kamar sili uku, na tace na zuba, na kankare gindin tukunyar da muciya har duk wannan jan ƙanzon ya narke ya shiga ruwan. Na ƙara ruwa, gaba ɗaya bai wuce kofi biyu ba, da maggi biyu.

Lokacin sanyi ne, kayan lambu sun yi araha, karas da albasa na 'yan noman rani sun cika kasuwa, dankalin turawa kuma na Jos ne. Na fere su na yanka manya-manya, karas kamar tsawon yatsa, dankali kuma rabi-rabi, don in kika yanka ƙanana narkewa za su yi su ɓace. Su ake fara shimfiɗawa a ƙasa, saboda a irin wannan tukunyar sun fi nama jinkirin dahuwa kuma ƙasa da gefe ne suka fi zafi. Na ɗora naman a kansu, na juye romon albasar a sama, ruwan ko rabin naman bai kai ba, na jefa attaruhu biyu ɗungum ban fasa ba don ƙamshinsu ya shiga ba tare da yajin ya hana yara ci ba. Tukunyar lita 6 ce da wani abu, kuma ba a cika ta har baki, kashi biyu cikin uku ya isa. Ƙarfe tara da rabi na rufe, muka ja waya daga shago zuwa ɗakina, na ba ta babbar wuta awa ɗaya don ta ɗau zafi da wuri sannan na mayar ƙarama.

Daga nan kuma sai yaƙi da masu son buɗewa. Duk buɗewa ɗaya zafin da ya taru ne yake fita, sai ta ɗau lokaci kafin ta mayar. Yara sun zagaye ta suna leƙe ta gilas, sai da na ce duk wanda ya taɓa murfin ba shi ba nama. Inna ta shigo wajen sha ɗaya ta tsaya a kanta ta ce, "Yanzu 'yar nan girki ne haka, ba a motsawa ba a ɗanɗanawa? Kada fa ya kama." Na ce Inna in sha Allahu ba zai kama ba, ki tuna tukunyar layya. Tai dariya ta fita, amma na lura sau uku tana dawowa wai ta zo ɗaukar wani abu.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda yinin ya zame min. Ranar Lahadi da na saba daga hantsi har magariba ina gindin murhu, hayaƙi ya cika min ido, in fito da ciwon kai, baƙin da aka yi girkin dominsu ma ban zauna da su ba. Ranar nan kuwa na gama makin littattafan 'yan ajina, nai wa 'yata kitso, na zauna a tabarma da Inna da matar ƙanin maigida muna ɓarar gyaɗa muna hira har azahar, na shiga maƙwabta barka na dawo. Itacen da na ƙona na suyar safe ne kawai sai na shinkafa da yamma, kuma duk wanda ke sayen itace yanzu ya san abin da hakan ke nufi. Ba wai ina cewa ta maye murhu ba, ba za ta tuƙa miki tuwo ba, kuma a gida mai mutum goma sha shida ita dai ta miya ce kawai. Sannan in ba ki da sola ko tsayayyar wuta ban ba ki shawarar ki kashe kuɗinki a kanta ba, gara ki nemi tukunyar ƙasa mai kauri ki yi yadda Inna ta faɗa da garwashi, duk abin da na lissafa a sama zai yi, sai dai ki riƙa duba ruwa kina gyara wuta.

Tun wajen ƙarfe biyu ƙamshi ya fara fita, zuwa la'asar ya cika gidan har shago, maigida ya ce masu zuwa karɓar waya sai tambaya suke ko biki ake. Biyar da rabi, awa takwas cif, nai bismilla na ɗaga murfin. Ruwan da na zuba kofi biyu ya ƙaru ya kusa rufe naman, ya yi ja-ja mai duhu, kitse yana yawo a sama. Na sa cokali mai yatsu na ɗan murɗa a tsakiyar dunƙulen, wallahi sai kawai ya buɗe, zare-zare, tururi na fita, wannan farin tantanin da na gani da safe babu shi, ya zama wani abu mai sheƙi da ke manne wa cokali. Na ɗebo ɗan kaɗan na miƙa wa Inna a murfin kwano. Ta sa yatsa biyu ta murje shi ya baje, ba ta ce komai ba, ta dai dube ni ta dubi ƙofar zaure.

Na kwashe naman da ludayi biyu don ba ya ɗaguwa da ɗaya, na ajiye shi a faranti na rufe ya huta, na tsame karas da dankali. Romon kuma na kwashe kitsen saman na ajiye don dafa-dukan gobe, sannan na dama fulawa cokali biyu da ruwan sanyi, da na sanyi fa, in da na zafi ne gudaji zai yi, na zuba na juye a tukunyar ƙarfe na ba shi wuta minti kaɗan har ya yi kauri yana bin bayan cokali. Sai a lokacin na ɗanɗana gishiri na ƙara kaɗan. Tsamiyar ba ta fito fili ba, wanda bai sani ba ba zai ce akwai ta ba, ta dai kashe gundurar maiƙon. Daddawa kuwa ita ta mayar da shi namu.

Su Turawa can da dakakken dankali ko burodi suke ci, kuma naman ne abincin, kowa a yanka masa ƙaton yanki. Mu kilo 2 ne ga mutum goma sha shida, don haka farar shinkafa na dafa, 'yar gida, ga kuma gurasa da ƙanin maigida ya taho da ita daga Kano. Amma kun san wani abu, da yake naman ya saki sai rabon ya zo da sauƙi, maimakon a ƙirga yanka ɗaya-ɗaya sai na yayyage shi na baza a kan kowane kwano, duk lomar da mutum zai ɗauka da nama a ciki. Bayan magariba na jera kwanuka, na maza da za a kai zaure, namu na mata, na yara a babban tire, sai na Baba daban a 'yar samirarsa. Shi na zaɓar masa tsakiyar kafaɗar inda ya fi laushi, na yayyaga gurasa a ƙasa na jiƙa ta da romo sosai, na ɗora karas biyu da dankali ɗaya.

Ni dai ba na shiga zaure in suna cin abinci, balle in tsaya a kan surukina, don haka ban gani da idona ba. Muna tsakar gida muna ci, matar ƙanin maigida tana tambayata adadin tsamiyar, amma kunnena yana waje. Yaran sun cinye nasu sun tafi bakin zaure inda suka saba raɓewa. Shiru ba a kira su ba. Can sai ga ƙaraminsu ya dawo yana tura baki ya faɗa jikin Inna ya ce, "Inna, yau Baba bai ba mu ba, shi yake ci." Inna ta rungume shi ta ce to ai kai ma ka ci naka, sai na ga ta juya fuska tana gyara ɗaurin ɗankwali, ta daɗe tana gyarawa. Ni ma loma ta tsaya min a wuya.

Da aka dawo da kwanuka na buɗe samirar, an sharce ta tas, sai ɗan nama kamar loma ɗaya a gefe da karas guda, wanda ya kawo kwanon ya ce Baba ya ce a ba autan. Ƙanin maigida na Dutse ya leƙo yana cewa, "Matar Yaya, wannan tukunyar fa da ita zan tafi gobe," na ce sai dai ka tafi da solar ma. Da daddare maigida ya gaya min Baba bai yi magana ba har ya gama, sai da ya wanke hannu ya jingina da bango sannan ya fara ba su labarin wani mai balangu da ya sani a Wudil tun suna samari, labarin da shi kansa maigida ya ce bai taɓa ji ba.

Washegari kafin in tafi makaranta na je gaishe shi kamar kullum, na durƙusa daga bakin ƙofa. Ya amsa, ya ce, "Malama, Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki." Na ce amin Baba, na tashi zan tafi sai na ji ya kira maigida. Ya laluba aljihun 'yar shararsa ya ciro kuɗi a nannaɗe ya miƙa masa, ya ce in mahaucin nan zai tafi Wudil ranar Juma'a a gaya masa ya duba sa mai tozo, tozon nake so a ajiye, kuma a ce masa kada ya sassara.